Layin Shago: Na Intanet Ko Na Salula?

A Kantin Kwari akwai wani mai atamfa da shadda da na saba zama a shagonsa. Wayoyi uku ne a kan teburinsa, ɗaya ma da roba aka ɗaure bayanta, amma yawancin odar da ke zuwa daga Maraɗi da Maiduguri ba ta nan take biyowa ba. Ta wayar yaron shago take shigowa, domin shi ke ɗaukar hoton kaya ya tura, shi ke raka dila tasha. Da yaron ya samu jari ya buɗe nasa shagon, sai ya tafi da layinsa. Babu mai cewa ya yi laifi, tunda da sunansa da lambarsa ta NIN aka yi wa layin rajista. Kwastomomin shekara da shekaru suka bi shi, wasu ba su ma san an rabu ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da aka zo maganar ko ɗan kasuwa ya koma wayar intanet ko ya zauna a kan salula, da kuɗi ake farawa, wanne ya fi araha. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, lambar da jama'a suka haddace, a hannun wa take?

Wayar intanet, wadda masana ke kira VoIP, ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa kira ta WhatsApp ya yi amfani da ita, kuma Skype ya yaɗa ta tun 2003, kafin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025. Muryar mutum ake gutsuttsurawa, kowane gutsure kamar kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, a mayar da shi data, a tura ta intanet, can a sake harhaɗawa. Sai dai abin da kamfanoni ke saya ya wuce kiran WhatsApp. Lamba ce guda ta kamfani, wadda ba a cikin sim take zaune ba. Ana iya raba ta ga ma'aikata goma ko hamsin, kowa da 'yar gajeriyar lambarsa ta cikin gida. Mai kira daga ƙauye da ƙaramar wayarsa zai buga ta kamar kowace lamba, ta yi ƙara a wayar tebur, ko a kwamfuta, ko a manhajar da ke wayar ma'aikaci. In wannan yana magana, kiran ya zarce wurin na gaba. Maigida yana ganin kira nawa ya shigo yau da nawa ba a ɗauka ba. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki kuwa, a cire sunansa, lamba tana nan daram.

Matsalar wayar intanet biyu ce, kuma duk mun san su: wuta da sabis. Kira ɗaya ba ya cin data mai yawa, bai cika wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, amma yana buƙatar intanet mai tsayuwa. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa ita ce kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa. In ya yi nisa da haka sai a fara karo a magana, kai ka yi shiru shi ya yi shiru, ku fara tare, a ƙare da "kana ji na?". NEPA ta ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu, wayoyin tebur su bi ta. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Afirka ta Yamma da Turai suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya da Gana na kwanaki, har bankuna suka ji a jikinsu. Kiran salula daga Kano zuwa Zariya ba ya buƙatar ƙetare teku.

Ƙarfin salula ke nan. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, lokacin da layukan NITEL a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ta shiga lungun da igiyar waya ba ta taɓa zuwa ba. Direba a kan hanyar Agadas ko dillali a kasuwar Maigatari, ita ce tasa. Tsadarta ce ke ƙaruwa: a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mai saka wa ma'aikata goma kati duk mako ba shi da hanyar sanin nawa ya tafi a aiki.

Akwai kuma ranar da duka biyun ke tsayawa. Da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, kira da data tare suka tafi, domin yawancin intanet ɗinmu ta turakun salular yake biyowa.

A ganina, mai shago da yara biyu ko uku bai da buƙatar wayar intanet ta kamfani. Salula da WhatsApp Business sun ishe shi, muddin da sunansa ko na kamfaninsa aka yi rajistar layin, kuma wayar a shago take kwana. Makaranta, asibiti, otal da kamfanin sufuri, inda kira uku ke iya shigowa lokaci guda, su ne ya dace su koma VoIP. Su nemi kamfani mai lasisin NCC, su tanadi sola ko inbata, sannan su sa a saita musu yadda kira zai karkata zuwa layin salula idan intanet ya yanke.

Ɗan'uwa ɗan kasuwa, kafin ka sayi komai, dubi lambar da ke jikin allon shagonka da rasit ɗinka. In ba da sunanka aka yi mata rajista ba, ka gyara wannan a makon nan.