Samari Uku Da Suka Zo Neman "Sudan", Da Hausawan Da Suka Riga Su Isa Can

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ya san Galmi da abu biyu: albasa da asibiti. Da yawa daga cikinmu mun taɓa kai mara lafiya can, ko mun raka wani dattijo aikin ido a asibitin ECWA da ke Kano, amma kaɗan ne suka san cewa harafin farko na sunan SIM, wato ƙungiyar mishan ɗin da ta kafa asibitocin biyu, asalinsa "Sudan" yake nufi.

Labarin ya faro ne a watan Disambar 1893, lokacin da wasu samarin Kiristoci uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada da kuma Thomas Kent daga Amurka, suka sauka a Legas, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Sudan ɗin da suke nema ba ta Hartum ba ce, ƙasarmu ce, domin a wancan zamani haka ake kiran duk yankin baƙar fata da ke kudu da Sahara. Shekara guda ta isa ta nuna musu ba su san inda suka dosa ba: a 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma sai a 1902 ƙungiyar ta samu wurin zama a Patigi.

Yayin da Turawa ke kutsowa, namu mutanen gabas suka nufa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira tare da jama'a, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka kammala dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai maniyyata masu tafiya Makka a ƙafa suka riƙa tsayawa ƙwadago don haɗa guzuri. Wasu guzurin bai taɓa cika ba; jikokinsu ne ke can yanzu.

Abin mamaki, SIM ma ta ƙarasa can, amma ta ƙofar baya. Bayan Italiya ta mamaye Habasha ta kori ma'aikatanta, sai suka tsallako suka buɗe tashoshi a Chali da Doro a 1938. Sai dai ba ƙauyukan Hausawa suka shiga ba. Kamar yadda Ingila ta taƙaita wa'azin mishan a masarautunmu, haka ta yi a yankunan Musulmi na Sudan, saboda haka kudu suka gangara, wajen ƙabilun Uduk da Maban. A Doro ne jiragen Italiya suka yi ruwan bama-bamai a watan Agustan 1940, lamarin da ya yi sanadin mutuwar likitan tashar, Dokta Robert Grieve, da matarsa.

A ganinmu, abin da ya bambanta waɗannan da samarin 1893 shi ne zama. Sun daɗe, sun ba da magani, sun koyi harshe har suka fassara Sabon Alkawari da Uduk. Mu 'yan kasuwa mun san bambancin baƙon da ya ci kasuwa ɗaya ya wuce da wanda ya kafa rumfa. Shi ya sa da gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kori 'yan mishan baƙi a 1964, cocin bai rufe ba, 'yan ƙasa suka riƙe shi.

Wahala kuwa ba ta tambayi addinin kowa ba. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a jihar Shuɗin Nilu a 2011, dubban Uduk suka tsere zuwa Doro, wadda a lokacin ta riga ta faɗa cikin Sudan ta Kudu, ta zama sansanin 'yan gudun hijira. A watan Yulin 2022 kuma rikici kan ƙasa da sarauta ya afka wa Hausawa a Rusairis da kewaye, aka kashe mutane da dama, dubbai suka bar gidajensu.

Daga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF, aka kwashe baƙi daga ƙasar. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, soja suka ƙwato ta a Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci, a garuruwa da dama na Sudan, samarin unguwa ne suka riƙa girke manyan tukwane, abin da suke kira takaya, suna ciyar da duk wanda ya miƙo kwano, da kuɗin da 'yan uwa na ƙasashen waje ke turowa ta waya.