Wane Akwatin Sifika Ya Dace da Jitar Bes a Madalla?

Duk wanda ya ratsa Madalla da safiyar Lahadi, ko da yammacin Asabar lokacin bukukuwa, kafin ya tsinci muryar mawaƙi zai fara jin wani gurnani mai kauri yana ratso bangon coci ko yana fitowa daga ƙarƙashin rumfar biki. Aikin jitar bes ke nan, doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu ko biyar da ke riƙe gindin kiɗa, ko kuma hannun hagun mai fiyano da ke kwaikwayonta. Garin yana kan titin Abuja zuwa Kaduna, tsakanin Zuba da Suleja, a gindin Dutsen Zuma, kuma tsadar haya a Abuja ta cika shi da mutane daga ko'ina: ga Gbagyi da Hausawa, ga Ibo da Yarbawa, ga mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai. Kowa ya zo da kiɗan gidansu. Shi ya sa ƙungiyar makaɗa ɗaya kan buga hailaif, ta juya makosa, ta sauko rege, ta rufe da waƙar Hausa, duk a zama guda, duk ta bakin akwatin sifika ɗaya. A ganina, masu sayen wannan akwati sun saba farawa da tambayar da ya kamata ta zo daga baya. Suna tambayar faifan sifikar inci nawa ne, wat nawa aka rubuta a jiki. Tambayar farko ita ce, wane aiki bes ke yi a kiɗan da aka fi bugawa, kuma a wane irin wuri za a saurare shi.

Sai an san abin da ke fita daga jitar kafin a san akwatin da zai ɗauke shi. Tsirkiya mafi kauri a bes mai huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a sakan ɗaya, ta mai biyar kuwa kusan sau 31. Amma ba wannan amon kaɗai take fitarwa ba. Tare da shi akwai ninkinsa biyu da uku da huɗu, wato wajen 82 da 123 da 165, haka har sama. Kunnen ɗan Adam ba shi da kaifi a can ƙasa, da waɗannan ninke-ninken yake gane wace murya aka taɓa. Hujjar tana aljihun kowa: 'yar sifikar waya ba ta kusantar amon 41, amma mutum yana bin salon bes a waƙar da ya kunna, domin ƙwaƙwalwa tana cike gurbin tushen daga ninkin da ta ji. Ashe sautin bes hawa biyu ne, na ƙasa da ƙirji ke ji, da na tsakiya da kunne ke karantawa. Bambancin kiɗa da kiɗa shi ne rabon da kowanne ke nema daga hawan biyu.

Rege shi ne ya fi kowa neman hawan ƙasa. Ya taso a Jamaika, inda tun shekarun 1950 mutane irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suke jibge manyan akwatuna a fili jama'a na rawa, kuma Majek Fashek da Ras Kimono suka yi tashe da shi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980. A rege, bes yana furta muryoyi kaɗan masu tsawo, yana barin fili tsakaninsu, kuma shi ne jagoran waƙar. Irin wannan yana son akwati mai faɗin ciki da faifai inci 15 ko 18 da zai tura iska mai yawa, ba ya kuma bukatar 'yar ƙaramar sifikar nan mai siririyar murya da ake kira tuwita. Hailaif irin na Osita Osadebe da Oliver De Coque, da makosar Kamaru, da kiɗan Kwango da Awilo Longomba ya yaɗa a nan, wata duniya ce dabam. Yatsun mai bes ba sa hutawa, murya na bin murya da sauri, kuma idan ta farko ba ta yi shiru ba kafin ta biyu ta shigo, sai duka su cakuɗe su zama gunji mara ma'ana. Nan ne akwati mai faifai huɗu inci 10, ko biyu inci 12, ya fi amfani, domin galibi an gina shi ya fito da hawan tsakiya sarai. Waƙoƙin coci na zamani sun fi wahalar gamsarwa, saboda suna son duka biyun: tsirkiya ta biyar don zurfi, da salon bugun tsirkiya da babban yatsa ana fincikarta, mai ba da ƙara kamar tsartuwa. Wannan salon ne ya sa kamfanonin Amurka irin su SWR da Hartke suka yi suna a shekarun 1980, na farko da akwati mai faifai huɗu da tuwita, na biyu da faifan alminiyam.

Kiɗan Hausa yana da nasa hukuncin, kuma shi aka fi zalunta. Mamman Shata ya yi shekaru yana tara jama'a da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, babu jitar bes a tare da su. Kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka yadda harshe ke yi, kuma maganar tasa tana zaune a hawan tsakiya, daidai inda muryar mawaƙi take. Idan ƙungiyar zamani ta haɗa bes da kalangu, aikin bes shi ne ya shimfiɗa a ƙasa ya bar wa kalangu da mawaƙi fili. Akwati mai kaifi da zai yi wa makosa daɗi yana iya shiga bakin kalangu a nan. Wanda ya fi dacewa shi ne mai taushin murya, faifai ɗaya inci 15 ko biyu inci 12, a kashe tuwita. Irin wannan taushin ne ke bayan faifan waƙoƙin Motown, inda ake danganta mai bes James Jamerson da ƙaramin akwatin Ampeg B-15 da ya fito a 1960, kuma shi ne ke karɓar afrobit irin na Fela, inda bes ke maimaita jimla ɗaya tsawon mintuna. Waƙoƙin situdiyo na Kano kuwa, da suka bunƙasa tare da finafinan Hausa tun shekarun 1990, a kan fiyanon Yamaha aka gina su, bes ɗinsu daga na'ura yake fitowa tare da ganguna da sauran kaya. Wanda sana'arsa kunna waɗannan a gidan biki, ko amapiano na Afirka ta Kudu mai dukan ƙirji, ba akwatin jitar bes yake bukata ba sam. Sifikun taro yake bukata da babban akwatin ƙasa a ƙarƙashinsu.

Masu ilimin injiniyan sauti za su ce na ba girman faifai muhimmancin da bai kai ba, kuma suna da gaskiya mai yawa. Tun 1961 Neville Thiele na Ostireliya ya nuna, Richard Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, cewa zurfin sauti ya dogara ne da haɗuwar halayen sifika da faɗin cikin akwati da ƙofar iskarsa. Lissafi mai sauƙi ma yana rusa zaton cewa babba ya fi: faifai huɗu inci 10 a haɗe sun fi faifai ɗaya inci 15 faɗi, har sun fi inci 18. Akwatin da ya fi shahara a tarihin bes, na Ampeg SVT da ya fito a 1969 da amfilifaya mai wat 300, wanda ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da shi a shekarar, faifai takwas inci 10 ne a rufaffen akwati. Ƙarfinsa yana fara raguwa tun kafin ya kai tushen tsirkiya mai kauri, amma ba a raina nauyinsa ba, domin yana ba da ninkin da ƙarfi da tsafta. Saboda haka inci manuniya ce kawai ga niyyar wanda ya ƙera, ba hukunci ba. Abin da ya fi inci tasiri shi ne ko akwatin rufaffe ne ko mai ƙofar iska. Rufaffe yana tsayar da murya da wuri, yana sauka a hankali. Mai ƙofa yana ba da zurfi da ƙara fiye, amma ƙasa da amon da aka daidaita ƙofar a kai, faifan yana lilo a banza babu iskar da ke riƙe shi, kuma a nan tsirkiya ta biyar ke yaga sifika. Wannan gargaɗi ne ga masu kai aiki wurin kafinta. Haɗa akwati a gida ba laifi ba ne, rahusa ce ta gaske, muddin an bi ma'aunin sifikar da za a saka, an yi da filawud mai kauri da ƙarfafa ciki, ba katakon dusa da damina ke kumburawa ba. Akwatin da aka yanka da ido kuwa, sa'a ce kawai.

Sai wurin da za a buga, wanda shi ne rabin sautin. Amon 41 yana da tsawon zango sama da mita 8, kusan faɗin ɗakin ibada matsakaici. A ɗaki mai daɓen tayil da bangon siminti da rufin kwano, irin wanda ya cika unguwanninmu, wannan amon yana dukan bango ya dawo ya haɗu da kansa, wata kujera ta ji kamar ƙasa za ta tsage, wata kusa da ita ta ji babu bes. Jingina akwati da bango yana ƙara masa ƙasa, cusa shi a kusurwa yana ƙarawa fiye. Wanda ya shigo da inci 18 irin wannan ɗaki ya sayi girgizar kwano da tagogi, limamin coci yana wa'azi a kan gunji, tsofaffi suna tashi da ciwon kai. Ɗaga matsakaicin akwati daga ƙasa a fuskantar da shi kunnen makaɗi ya fi magani. A fili kuwa, ƙarƙashin rumfa, babu bangon da zai taimaka, kuma duk ninkin nisa yana cin kusan desibel 6. Akwatin da ya yi wa coci yawa yana iya ɓacewa a filin biki.

Batun wat kuma, ba girin-girin ba, ta yi mai. Lambar da ke jikin akwati tana faɗin abin da zai iya jurewa ne, ba ƙarar da zai yi ba, kuma dubban wat da ake rubutawa da haruffan PMPO a kan kaya masu araha ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, na RMS ake dubawa. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kacal yake kawowa, sai an ninka kusan sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku. Akwatin da ke ba da desibel 100 da wat ɗaya yana yin aikin mai ba da 97 da rabin wuta, abin da ke da daraja ga mai sayen fetur ɗin janareta. Lambar da ke ƙona kaya kuwa ita ce ta om, wadda aka fi mantawa. Akwati biyu masu om 8 a haɗe sun zama 4, yawancin amfilifaya suna ɗauka. Biyu masu 4 sun zama 2, da yawa ba sa ɗauka, sai zafi da hayaƙi. Ga kuma wutarmu, ta AEDC ko ta janareta, tana kaɗawa sau 50 a sakan, alhali murya ta uku da ake dannawa a tsirkiya mai kauri tana kan 49. Idan waya ba ta da kyau ko ba a haɗa ta da ƙasa ba, ƙugin wuta yana faɗowa tsakiyar gonar bes, kuma akwatin da ke kumbura wannan yanki shi zai fi bayyana shi.

Za a ce jama'a dukan ƙirji suke so, wanda bai girgiza wuri ba ba a sake gayyatarsa. Haka ne, ban kuma raina wannan ba, rawa da jiki ake yin ta. Amma a babban taro wannan aikin sifikun taro ne: a ɗauki bes ta waya zuwa miksa, manyan akwatunan ƙasa su girgiza fili, akwatin makaɗi ya tsaya kan aikinsa na sa shi da mai ganga su ji juna. Idan su biyun ba sa jin juna, kiɗan ya watse komai ƙararsa. Za a kuma ce maɓallan gyaran murya da ke jikin amfilifaya suna mai da kowane akwati yadda ake so. Suna ragewa da kyau, ƙarawa ce ba su iya ba sai da tsada. Kana iya kashe kaifin akwati mai faifai huɗu ka buga rege da shi har a gamsu, amma murɗa maɓalli ba zai sa inci 18 ya furta makosa ba, kuma cika ƙasa a kan ƙaramin akwati hanya ce ta kai koyil wurin mai naɗi.

Wannan rashin daidaito tsakanin ragewa da ƙarawa shi ne amsar mai cewa kuɗinsa na akwati ɗaya ne, kiɗansa kuma biyar. Ya sayi wanda ya fi fayyace murya, faifai biyu inci 12 ko huɗu inci 10, mai tuwitar da ake iya kashewa, mai om 8. Ranar da hali ya samu ya ƙara na biyu irinsa mai om 8, ya riƙa kai ɗaya coci, biyu fili. Ya tuna kuma akwatin faifai takwas ya haura kilo 60, ba ya shiga Keke Napep cikin daɗi, kuma masu maganaɗisun neodimiyam sun fi sauƙin ɗauka duk da sun fi tsada. Wajen saye, ko a Abuja ne ko an yi odar kaya daga kasuwar Alaba ta Legas, kada ya yarda a gwada masa da waƙar waya. Ya zo da jitarsa da amfilifayarsa, ya taɓa kowace murya daga ƙasa zuwa sama ya ji ko wata ta kumbura wata ta nutse, ya buga salon da ya fi sauri a kiɗansa, sannan ya ba wani jitar ya ja da baya taku goma sha biyar, ya saurara daga inda jama'a za su zauna.