Daga Isawan Zuwa Kano Kai Kaɗai: Wa Za Ka Yarda Da Shi A Hanya?

Da zarar hatsi ya shiga rumbu, tashoshin mota na Mayahi da Tasawa kan cika da matafiya. Mafi yawansu ƴan cin rani ne da ƴan kasuwa. Amma a cikinsu akan samu wanda ba neman kuɗi ya fito da shi ba. Kwana uku ko huɗu kawai yake so ya yi a Katsina ko Kano, ya buɗe ido, ya koma gida. Ga mutumin Isawan da ke Nijar, wannan ma fita ƙasar waje ce, ko da yake harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu na iyaka. Kuma duk wanda ya fita shi kaɗai, daɗin tafiyarsa da wahalarta suna hannun mutanen da zai haɗu da su.

Hanyar tsohuwa ce. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa Turawa, Richardson a Damargu, Overweg kuma a Tasawa. Bai kama daji shi kaɗai ba, sai ya bi ayarin gishiri na Abzinawa ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. A zamanin nan ayari yana da madugu, hanya tana da zango, birni kuma yana da mai masauki wanda zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a kasuwa. Unguwar Fagge ta Kano ta samo asali ne daga irin wannan zango na fataken arewa. Wato kakanninmu ba su bar yarda ga sa'a ba, tsari suka yi mata.

Yau mota ta gaji ayari. Daga Maraɗi ana bi ta Ɗan Isa a ƙetara zuwa Magama da Jibiya, a isa Katsina bayan kimanin kilomita 90, sannan a ƙara wajen 170 zuwa Kano. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ƴan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na ƴan Nijar har sai an yanke wani hukunci. Iyakar kuma takan rufe: an rufe ta a Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Don haka kafin ka ɗaura jaka, tambayi direbobin da suka dawo jiya. Riƙe takardunka da katin rigakafin shawara, kuma ka yi tafiyar rana, saboda yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga.

Amfanin abokin hanya ba ya misaltuwa. Wanda ke kusa da kai a kujera zai iya gaya maka yadda sefa ke tafiya da naira kafin ka isa wurin ƴan canji na Wapa a Kano, da kuɗin da ya kamata mai adaidaita sahu ya karɓa, da masaukin da ba a cutar baƙo. Da shi za ka haɗa kuɗin mota zuwa hasumiyar Gobarau a Katsina, ko a Kano ku hau Dala tare, ku gangaro Kasuwar Kurmi, ku leƙa Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda yake tambaya.

Sai dai yarda hawa-hawa ce. Gaisuwa da hira da raba goro na kowa ne. Sanin adadin kuɗin da ke jikinka da wurin da ka ɓoye su naka ne kai kaɗai. Mafi haɗari shi ne ƙullin da wani zai ce maka, "Don Allah ɗan'uwa, riƙe mini wannan har mu wuce shinge." Idan jami'an kwastan ko jandarmomi suka buɗe suka tarar da ƙwaya, wanda kayan ke hannunsa shi za a tuhuma. Ka ce a buɗe a gabanka, ko ka ba da haƙuri. Mutumin kirki ba zai ji haushin haka ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane mutum ita ce wadda dattawa ke bi: ɗan wane gari ne, gidan wa, wa ya sani a Tasawa ko Mayahi? Mai gaskiya zai amsa a sake, har ku tarar kuna da wanda kuka sani tare. Mai ɓoye-ɓoye kuwa zai yi ta kewaye.

Kafin ka bar Isawan, nemi lambar wani ɗan garinku da ke zaune a birnin da ka nufa, shi ne mai masaukinka na wannan zamani. Sanar da gida motar da ka shiga da inda ka sauka. Wanda ya yi wannan shiri zai iya sakin jiki da baƙin fuska, ya dawo da labari da sababbin abokai.