Aragorn: Ɗan Sarkin da Ya Kwana a Bayan Ganuwa

A littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955, babu wanda ya kama mini hankali kamar Aragorn, magajin gadon sarautar Gondor.

A rubutun farko ma ba jinin sarauta ba ne. Tolkien ya fara zana shi a matsayin hobbit, gajerun mutanen nan masu gashi a ƙafa, ya raɗa masa Trotter, ya kuma sa masa takalman katako.

Yana ɗan shekara 2 aka kashe mahaifinsa. Elrond, shugaban Rivendell, ya raine shi a can da sunan Estel, wato fata, ba a gaya masa asalinsa ba sai da ya kai 20. Ran da ya haɗu da Frodo, hobbit ɗin da ke ɗauke da zoben, a masaukin garin Bree, yana zaune a lungu, takalma duk laka, shekarunsa 87. Mutanen garin kallon ɗan yawo suke masa, suna ce masa Strider, mai dogon taku. Bai yar da laƙabin ba. Ya juya shi zuwa tsohon harshe ya zama Telcontar, shi ne kuma sunan gidan sarautarsa. Ya rayu shekara 210, ya yi 122 a kan gado.

Tun da ƙuruciya ya yi wa Gondor aikin soja da sunan aro, Thorongil. Ya kai farmaki tashar Umbar da dare ya ƙone jiragen abokan gaba. Babban birnin Gondor, Minas Tirith, na jiransa da yabo, sai ya aika da sallama ya kama gabansa.

Inda na fi son a tsaya shi ne yammacin ranar yaƙin Pelennor. Ya ceci birnin Minas Tirith, kowa ya ga tutarsa, ƙofa ma a karye take. Amma ya sa aka naɗe tutar, ya cire tauraron da ke goshinsa, ya kafa tanti a bayan ganuwa. Lissafinsa a fili yake. Shekara 969 Gondor ba ta da sarki, masu riƙon ƙwarya ke mulki da farin sanda, suna zama a baƙar kujerar dutse ƙasa da karaga. Denethor shi ne na 26, kuma tun zamanin Thorongil yake jin kishinsa. Ɗaya daga cikin kakannin Aragorn, Arvedui, ya taɓa neman wannan gado aka hana shi. Ƙasar ta taɓa ɗanɗana yaƙin basasa a kan gadon sarauta, ga abokin gaba bai faɗi ba tukuna.

Ya dai shiga birnin a daren, cikin toka-tokar alkyabba, saboda majinyata. Wata tsohuwa mai jinya, Ioreth, ita ta tuno da maganar mutanen da, cewa a wajen warkarwa ake gane sarki na gaskiya. Babban masanin magunguna ya san sunayen ganyen athelas a harsuna daban-daban, amma ko ɗaya bai ajiye ba. Wani yaro ne ya zo da ganye 6 a tsumma, sun yi mako biyu da tsinkewa. Aragorn ya murtsuke biyu a tafin hannu, ya zuba cikin ruwan zafi, ƙamshi ya cika ɗakin, Faramir ɗan Denethor ya buɗe ido ya kira shi sarki. Ya kwana yana duba marasa lafiya, kafin gari ya waye ya koma tantinsa.

Wannan zancen warkarwar sarki yana da tushe a tarihi. Sarakunan Ingila da Faransa sun daɗe suna shafa masu ciwon kumburin wuya, har Sarauniya Anne ta shafa marubuci Samuel Johnson yana yaro a 1712.

Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun nuna shi yana gudun sarauta. A ganina sun rage masa. A littafin yana so, bai ɓoye ba, da karyayyen takobin kakansa yake yawo, kuma Elrond ya ce ba zai ba shi ’yarsa Arwen ba sai ya hau gado. Haƙurin mai so ya fi nauyi.

Ranar naɗi sai da Faramir ya tambayi jama’a suka amsa. Da aka miƙa masa kambi ya mayar, ya ce Frodo ya kawo, mai sihiri Gandalf ya ɗora masa. Farin sandan kuwa ya mayar wa Faramir, wanda ya gaji riƙon ƙwarya bayan mutuwar Denethor.

Dogari Beregond ya bar bakin aikinsa, ya zubar da jini a hubbaren sarakuna don ceton Faramir daga wutar da Denethor ya nemi ƙone shi da ita, laifin da hukuncinsa kisa ne. Sarki ya ce ya bar birni, amma a matsayin shugaban dogaran Faramir a Ithilien. Bayin Mordor, ƙasar abokin gaba, kuma ya ’yanta su, ya ba su ƙasar da ke kewayen tafkin Núrnen.

Ya kafa doka cewa kada mutane irinsa, waɗanda ba hobbit ba, su taka ƙasar Shire ta hobbit. Da ya zo arewa ganin tsofaffin abokansa, a bakin gadar Brandywine ya tsaya, su suka fito wurinsa.