Mayar da almajirai gida a lokacin annobar korona

Mayar da almajirai gida mataki ne da gwamnonin arewacin Najeriya suka ɗauka a shekarar 2020, inda aka kwashe dubban yara daga makarantun allo da tsangayu aka mayar da su jihohinsu na asali domin daƙile yaɗuwar cutar korona. Matakin ya jawo muhawara kan irin tallafin da yaro ke buƙata idan ya bar hannun malamin da ke riƙonsa.

Asali

A tsarin almajiranci, iyaye kan damƙa ɗansu ga malami a wani gari domin karatun Alƙur'ani. Malamin ne uba kuma mai masauki, amma abinci yawanci daga bara da aikatau yake fitowa. Manyan ɗalibai, wato gardawa, kan riƙe kansu da ƙananan sana'o'i irin su ɗinkin hula, wanki, dako da yankan farce.

An samu mutum na farko mai cutar a Najeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Kano kuma a watan Afrilu. Da aka kafa dokar kulle, kasuwanni suka rufe, hanyar abincin almajirai ta toshe, ga kuma cunkoso a zaurukan da suke kwana.

Yadda aka kwashe su

A watan Afrilu 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, ƙarƙashin Simon Lalong na Filato, ta amince kowace jiha ta mayar da almajiran da ba 'yan asalinta ba. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta Kano ta aika yara zuwa Katsina, Jigawa, Kaduna da wasu jihohi, ita ma ta karɓi nata.

Ba a daɗe ba matsala ta bayyana. A Kaduna, 65 daga cikin yara 169 da aka gwada suna ɗauke da cutar. A Jigawa kuwa 91 daga cikin 168. A watan Mayu Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da jigilar, ganin cewa a lokacin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

Tallafin da ake buƙata

Sauke yaro a babban birnin jiharsu bai kai shi gida ba. Matakin farko shi ne gwaji da killacewa na mako biyu, kuma wasu jihohi sun yi amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima don haka. Na biyu shi ne gano iyaye. Yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara shida ko bakwai yana iya sanin sunan ƙauyensu amma bai san ƙaramar hukumarsa ba, shi ya sa ake dogara da hakimai, dagatai da masu unguwanni. A Kaduna, asusun UNICEF ya taimaka wa gwamnati a wannan aiki.

Abu na uku, wanda ya fi wuya, shi ne abin da zai biyo bayan komawa. Sau da yawa talaucin da ya sa aka tura yaron yana nan bai gushe ba. Idan babu makaranta kusa, babu malamin da zai ci gaba da ɗora masa karatu, babu kuma tallafi ga iyayensa, yaron kan koma inda ya fito. Gardawa kuwa sun wuce shekarun firamare, abin da ya fi dacewa da su shi ne koyon sana'a da ɗan jari.

Halin da ake ciki a Zamfara

A Zamfara, inda Bello Matawalle ɗan Maradun yake gwamna a lokacin, rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, ta yadda gidan da za a mayar da yaro wani lokaci babu kowa a cikinsa.

Makarantun boko da ake fatan su karɓi yaran su ma ba su tsira ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, sannan ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a Kaya, ƙaramar hukumar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar.

Bayan annoba

Da aka sassauta dokar kulle, almajirai da yawa sun koma wurin malamansu. A watan Mayu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta ta Ƙasa.