Ciwon gwiwa ya lafa, amma ɗanka ya isa komawa fili?

Idan kana da matashi mai buga ƙwallo a gida, wataƙila ka san irin wannan yammacin. Abokansa ne suka kawo shi a kan babur, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ya ce babu wanda ya taɗe shi, ya zo zai yanke da ƙwallo ne kawai sai ya ji ƙas a cikin gwiwa, ya zube. Kafin dare ya yi nisa gwiwar ta kumbura suntum. Aka kira mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa man zafi, ya ɗaure. Bayan mako huɗu kumburi ya sace, ɗingishi ya tafi, yaro ya fara wanke takalmin wasansa yana cewa ranar Lahadi akwai gasar unguwa. A nan ne ya kamata ka dakatar da shi, domin waɗannan alamomi uku, wato ƙarar da ya ji, faɗuwa ba tare da an buge shi ba, da kumburi cikin 'yan sa'o'i, su ne likitoci suka fi zargin tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da su.

Jijiyar da ake magana ita ce wadda likitoci ke kira ACL. Gajeriya ce, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, tana can cikin gwiwa ta ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Aikinta shi ne hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa lokacin da mutum ya tsaya cak yana cikin gudu, ko ya juya, ko ya diro daga tsalle. Tafiya miƙe a kan hanya ba ta buƙatarta sosai, shi ya sa wanda tasa ta tsinke zai iya zuwa kasuwa ya dawo, ya hau bene, har ya ɗan yi sassarfa, kowa ya ɗauka ya warke. Sai ranar da ya zo yanke abokin karawa gwiwar ta balle masa. Kowace ballewa kuwa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda shi ne matashin da ke hana su gogar juna.

Masu ɗori suna da gurbinsu a cikin al'umma, amma hannu ba ya kaiwa inda wannan jijiya take, ja da murza kuma ba sa haɗa ta. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, saboda haka kada takardar da ta ce babu karaya ta kwantar maka da hankali. Likitan ƙashi yana da gwajin da yake yi da hannu, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ke tare shi, sannan hoton MRI ya tabbatar. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano, da manyan asibitocin koyarwa, su ne wuraren da za a fara tambaya. Idan gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, wannan ba abin jira ba ne, domin sau da yawa guringuntsi ne ya yage ya shiga tsakani.

Ba kowace jijiyar gwiwa ce ke da wannan hali ba. Ta gefen ciki, wadda ake kira MCL, yawanci takan warke da kanta cikin makonni idan aka tallafe ta da abin ɗaure gwiwa. Ta tsakiyar ce ke da wuyar haɗewa idan ta tsinke.

Tiyata ko atisaye

Kada ka ɗauka cewa duk wanda jijiyarsa ta tsinke sai an yi masa aiki. A shekarar 2010 an wallafa wani bincike daga ƙasar Suwidin a kan matasa 121 masu motsa jiki. An raba su biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri tare da atisaye, wasu aka fara da atisaye kawai, aka bar tiyatar sai in buƙata ta taso. Bayan shekara biyu babu wani bambancin a zo a gani tsakanin ɓangarorin, kuma bayan shekara biyar kusan rabin waɗanda suka fara da atisaye ba su yi tiyatar ba. Wannan labari ne mai daɗi ga magidanci mai shekara arba'in da ke taɓa ƙwallo don rage tumbi. Matashin da ke son ci gaba da gasa, ko wanda gwiwarsa ke yawan ballewa duk da atisaye, shi ne aka fi ba shawarar aiki. Yaron da bai gama girma ba kuwa lamarinsa na buƙatar ƙwararre, saboda wuraren da ƙashi ke tsawo suna daf da gwiwa.

A wajen aikin ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba. Ana yanko wata daga jikin mutum, ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, a huda ƙasusuwan biyu a zura ta a ɗaure. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne wannan sabuwar jijiya tana yin rauni a watannin farko, lokacin da jiki ke sake gina ta yana kai mata jini, kuma ginin yakan ɗauki shekara ko fiye. Watannin da take da rauni su ne daidai lokacin da ciwo ya tafi, yaro yake jin kansa garau.

Aikin da ke jiran gida

Tiyata awa ɗaya ce zuwa biyu, atisaye kuwa watanni ne, kuma a gida ake yin mafi yawansa. Idan za ka yi lissafin kuɗi, ka sa na likitan fisiyo, wanda muka fi sani da likitan gashin ƙashi, tun daga farko. A ganina wanda ya tara kuɗin aiki bai tanadi na atisaye ba, rabin magani ya saya.

Makonnin farko abu uku ake nema: kumburi ya sauka, gwiwa ta miƙe sarai kamar 'yar'uwarta, tsokar gaban cinya kuma ta farka. Ke uwa, tausayi zai sa ki so cusa masa filo a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗin kwanciya. Kada ki yi. A ƙarƙashin diddige ake sa filon, domin gwiwar da ta saba zama a lanƙwashe tana iya ƙin miƙewa daga baya, gyaran hakan kuma ya fi wuya. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na kimanin minti 15 zuwa 20 tana rage zafi. Sandar dogarawa kuma ba a ajiye ta don kunyar abokai, sai ranar da zai iya tafiya babu ɗingishi da izinin likita. Idan aka ga zazzaɓi, ko wurin aikin yana fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a koma asibiti a ranar.

Daga nan sai gina ƙarfi: keken motsa jiki, tsugunno a hankali, hawa da sauka a kan matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗaga nauyi. Wannan ne zango mafi tsawo kuma mafi gundura, a nan ne yara da yawa ke sarewa. Gudu a miƙe ba ya farawa sai wajen wata uku ko fiye, shi ma idan babu kumburi kuma cinya ta yi ƙarfi. Tsalle, juyi da yanka su ne na ƙarshe. A gidajenmu akan auna sauƙi da ranar da mutum ya iya sujada da zaman tahiya ba tare da kujera ba. Ci gaba ne babba, amma lanƙwasuwar gwiwa kawai yake nunawa, bai ce komai game da ƙarfinta ba.

Wata tara, da jarrabawa

Wani bincike da aka yi a kan 'yan wasa 106 a Norwe, aka wallafa a 2016, ya gano cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara kafin komawa fili, har zuwa wata na tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sake jin rauni da kashi 51 cikin 100. A cikin waɗanda suka koma ba tare da sun ci gwaje-gwajen ƙarfi ba, kusan kashi 38 cikin 100 sun sake raunata gwiwa, alhali cikin waɗanda suka ci bai kai kashi 6 ba. A shekarar dai, asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Ƙatar ya ba da rahoton cewa waɗanda suka koma ba su cika sharuɗɗan sallama ba, haɗarin tsinkewar sabuwar jijiyarsu ya ninka sau huɗu. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu yana sake tsinka jijiya, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar.

Idan ɗanka ya ce jiran ya yi yawa, ka tuna masa da waɗanda yake kallo a gidan kallo. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji wannan rauni a wasa da Everton a Oktoban 2020, bai sake buga wasa ba sai Yulin 2021. Rodri na Manchester City ya ji nasa a Satumban 2024, da sanda ya je karɓar kyautar Ballon d'Or, sai a watan Mayun 2025 ya dawo. Waɗannan mutane ne masu likitoci da kayan aiki safe da yamma, kuma a kan ciyawa mai laushi suke wasa, ba a kan turɓaya da tsakuwar filin makarantar firamare ba.

Cikar wata tara ita kaɗai ba ta isa ba, sai an gwada. Ana auna ƙarfin tsokar gaban cinya da ta baya, a kwatanta da na lafiyayyar ƙafa, kuma ana so mai raunin ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Sai tsallen ƙafa ɗaya iri huɗu: tsalle guda, tsalle uku a jere, tsalle uku ana ƙetare layi dama da hagu, da tsallen mita shida ana duba agogo. Lissafin ba shi da wuya. Idan lafiyayyar ƙafa ta yi santimita 150, ɗayar sai ta kai 135, kuma ya dire ya tsaya cak ba tangaɗi. Likitan fisiyo ne zai ce lokacin gwajin ya yi, amma babu laifi ka tsaya ka gani da idonka. Ka lura da yadda yake dira: idan gwiwar tana faɗawa ciki wajen 'yar'uwarta, ko yana jingina nauyinsa a kan lafiyayyar ƙafa, da sauran aiki ko da nisan ya cika. Ka kuma sani cewa lafiyayyar ƙafar ita ma ta rage ƙarfi a watannin zaman gida, don haka kashi 90 ɗin mafi ƙarancin abin da ake nema ne. A gida, awon tela ma yana faɗin gaskiya: a auna kaurin cinyoyin biyu a wuri ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa. Cinyar da ta rame ba ta shirya ba. Gwiwar da ke kumbura washegarin atisaye ita ma haka.

Akwai kuma abin da awo ba ya kamawa, wato tsoro. Binciken da ya tattara sakamakon dubban 'yan wasa a 2014 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 suna komawa wani nau'in wasa, amma kashi 55 ne kawai ke komawa gasa, kuma fargabar sake jin rauni tana cikin manyan dalilai. Har takardar tambayoyi 12 masana a Ostareliya suka tsara don auna wannan. Matashi ba zai ce maka yana tsoro ba, musamman a gaban abokai. Ka tambaye shi ku biyu: idan aka bugo ƙwallo sama, zai yi tsalle ba tare da ya tuna gwiwar ba? Idan ya yi jim, a ƙara masa lokaci, kuma kada a kira shi rago.

Matsin lamba mafi ƙarfi yakan zo ne daga waje. Koci yana da wasan ƙarshe, wani ya ce akwai masu zuwa ɗibar 'yan wasa zuwa Turai a wata mai zuwa, wani ya kawo shawarar allurar kashe zafi. Allurar za ta ɓoye ciwon, jijiyar kuwa tana nan yadda take. Duk ƙungiyar kirki sai ta duba lafiyar ɗan wasa kafin ta sa hannu, gwiwa mai ballewa kuma ba ta ɓuya a wannan gwaji. Ga kuma lissafin nesa: kusan rabin waɗanda suka taɓa tsinka wannan jijiya sukan gamu da amosanin gaɓa a gwiwar cikin shekara 10 zuwa 20, kuma yagewar guringuntsi tana ƙara wannan haɗari. Yaro mai shekara 18 a yau, a tsakiyar shekarun neman abincinsa abin zai same shi.

Idan 'yarka ce ke wasan ƙwallon ƙafa, ko na kwando, ko na hannu, ka ƙara sa ido, domin mata sun fi maza saurin samun wannan rauni a wasa iri ɗaya.

Ranar da aka sallame shi ma ba a tsunduma cikin gasa kai-tsaye. Zai fara da atisaye shi kaɗai da ƙwallo, sai tare da ƙungiya ba tare da gogayya ba, sai cikakken atisaye na wasu makonni, sannan minti 15 ko 20 a wasa. Ka kuma tambayi kocinsa ko ya san FIFA 11+, tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da ɗan fili. An gwada shi a nan gida a kan ƙungiyoyin matasa 20 na Legas, sakamakon da aka wallafa a 2014 kuma ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Kyauta ake samunsa a intanet da hotunan kowane motsi, ana kuma so a riƙa yin sa aƙalla sau biyu a mako.