Bill Maclagan: Dillalin da ya kai saƙon kofi Afirka ta Kudu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar saƙo zai tsallaka iyaka da shi ya san nauyin amana. To, a shekarar 1891 an danƙa wa wani dillali ɗan ƙasar Sikotilan, mai suna William Maclagan, wani saƙo irin wannan: kofi ne aka ce ya kai Afirka ta Kudu, amma ba a faɗa masa sunan wanda zai ba ba. Cewa aka yi ya duba da idonsa, ya miƙa wa waɗanda suka cancanta.

An haifi Maclagan, wanda aka fi sani da Bill, a birnin Edinbura a 1858. Tun yana makaranta ya kama wasan zari-ruga, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, abokan hamayya kuma su kayar da mutum in sun iya. Ya fara buga wa ƙasarsa a 1878, bai daina ba sai 1890. Sana'arsa kuwa dillancin hannayen jari ce a birnin Landan.

Sanin sana'ar tasa na da muhimmanci, domin a wancan zamani ba a biyan ɗan wasan zari-ruga ko anini. Hasali ma laifi ne ya karɓa. Don haka wanda zai bar gida ya yi watanni a ƙetare yana wasa, sai mai abin hannu, ko ɗalibin da iyayensa ke da hali. Haka tawagar Birtaniya ta 1891 take: da yawansu 'yan jami'ar Kambirij ne, aka naɗa Maclagan, mai shekara 33, ya zama kyaftin ɗinsu.

Su wa suka ɗauki nauyin tafiyar? 'Yan kasuwa ne. Cecil Rhodes, firaministan yankin Kef na lokacin kuma uban tafiyar kamfanin lu'ulu'u na De Beers, shi ya tsaya wa kuɗin. Jirgin ruwan da ya kai su, Dunottar Castle, na kamfanin Donald Currie ne, wani attajiri shi ma ɗan Sikotilan, wanda jiragensa ke jigilar wasiƙu da kaya da fasinja tsakanin Ingila da Kef. Shi ne ya ba da kofin, ya ce a ba ƙungiyar da ta fi nuna ƙwazo a karawarta da baƙin. Kyauta ce kam, amma mai jirgi ya san abin da yake yi. Ba kowace talla ake yin ta da shela ba.

A filin wasa baƙin ba su raga wa kowa ba. Sun cinye dukkan wasanninsu, har da uku da suka yi da tawagar ƙasar. Sun tara maki sama da 200, su kuwa maki 1 tak aka ci su, shi ma a wasan farko. Ke nan Maclagan zai zaɓi gwani ne cikin waɗanda duk suka sha kashi. Ya zaɓi ƙungiyar Griqualand West ta garin Kimbali, garin haƙar lu'ulu'u, inda fili ba ciyawa sai ƙura da ƙasa mai tauri, kuma da kyar baƙin suka yi nasara da ci 3 da nema. Mutanen Kimbali ba su riƙe kofin ba. Sun miƙa shi ga hukumar wasan ta ƙasa, daga 1892 ya zama kofin da larduna ke takara a kansa. Har yau sunansa Kofin Currie, ko da yake an yi shekaru masu yawa baƙar fata na ƙasar ba su da damar taɓa shi.

Daga 1894 zuwa 1896 Maclagan ya shugabanci hukumar zari-ruga ta Sikotilan, kuma a zamaninsa ne rigimar kuɗi ta fashe a maƙwabta. 'Yan wasan arewacin Ingila leburori ne na masaƙu da ramukan kwal. Duk Asabar ɗin da suka fita wasa, ladan wunin ya tafi. Suka nemi a riƙa mayar musu da abin da suka rasa, ba riba ba, uwar kuɗi kawai. Manyan wasan suka ƙi. A watan Agusta na 1895 ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa nasu tsarin. Hukumar Sikotilan tana cikin masu tsananin ƙin biyan.

A ganina, wanda ya taɓa rufe rumfa ranar kasuwa zai fi dillalin Landan fahimtar koken leburorin nan. Shi ya iya barin ofis na watanni ya dawo ya tarar da harkarsa, su kuwa wuni ɗaya ya ishe su kwana da yunwa.

Maclagan ya rasu a 1926. Sai a 1995 aka halatta biyan 'yan wasan zari-ruga, shekara 100 bayan waccan ɓaraka. A 2009 hukumar wasan ta duniya ta sa sunansa cikin jerin gwanayenta.